Kwas ɗin muhalli da makamashi, da abinci a ciki ko asarar shekara huɗu ce?

Ƙanina, ka ce kana shirin cike JAMB kuma zuciyarka ta kwanta da kwas ɗin muhalli ko wanda ya shafi makamashi da sola, amma Baba a gida Daura ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya ci abinci da irin wannan karatun ba, abokanka kuma suna maka tsiya wai za ka yi digiri ka dawo kwasar shara, shi ne kake tambaya ko da aiki a ciki kuma wane za ka ɗauka. To ni na haura shekara goma cikin harkar nan, da jogirafi na fara, na ƙaro karatu a fannin kula da muhalli, yanzu kuma rabin abincina daga lissafin wuta da sola yake fitowa, don haka abin da zan faɗa maka na gani ne da idona ba labari aka ba ni ba.

Kafin komai ka yi hattara da sunan, don nan ne yara da yawa suke faɗawa rami. A jami'o'i da foliteknik ɗin ƙasar nan, in ka ga tsangaya ko kwaleji da aka sa mata sunan muhalli a turance, yawanci abin da ke cikinta shi ne zanen gine-gine, ƙididdigar kayan gini, safiyo, tsara birane da kula da kadarori, wato harkar gini ce zalla. Ka duba BUK a Kano, a tsangaya ɗaya suka haɗa jogirafi da ilimin duwatsu da kula da muhalli da zanen gini da kula da kadarori, duk ƙarƙashin inuwa guda, alhali wanda ya karanta kula da kadarori da wanda ya karanta kula da muhalli ko ofis ɗaya ba za su nemi aiki ba. Na san yaro da ya shiga foliteknik yana murna zai karanta sauyin yanayi da dashen itatuwa, sati ukku da fara lakca ya tsinci kansa yana lissafin buhun siminti nawa bulo dubu zai ci. Ba laifin kwas ɗin ba ne, kwas ne mai kyau ma, amma ba shi ya je nema ba. Saboda haka kar ka tsaya a sunan tsangaya, ka shiga cikin sashen ka nemi jerin darussan da ake yi daga aji ɗaya har na ƙarshe, in da hali ka tare wani ɗan aji ukku ka tambaye shi mi suke yi a zahiri.

Yanzu maganar Baba. Gaskiya bai yi ƙarya ba, ya faɗi abin da ya gani ne, kuma ni ma na san mutane da digirin kula da muhalli a akwati suna sana'ar POS. Amma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya za ka tarar abu guda ne ya haɗa su, sun fito sun haddace ma'anar ɗumamar yanayi da ma'anar ci gaba mai ɗorewa, za su iya cika maka takarda biyar a kan illar sare itatuwa, amma ka miƙa masu kwalbar ruwan rijiya ka ce a gwada mani ko ana iya sha, ko ka ce ga gona a auna mani faɗinta a fitar da taswira, ko ga shago a lissafa mani wutar da yake ci, sai ka ga ana sosa ƙeya. Ba mai biyan ka don ka san hamada na gurgusowa, tsohuwa a Baure ta fi ka sanin wannan, ita da ta ga rairayi ya cinye gonar mijinta. Abin da ake biya shi ne ka iya auna abu, ka sa mashi lamba, ka ce ga abin da za a yi kuma ga kuɗin da zai ci. Shi ya sa in yaro ya tambaye ni nakan ce ya ɗauki kwas mai ƙashi a jiki tukuna, sannan ya ɗora maganar ɗorewa a kai, don ita ɗorewar nan miya ce, sai da tuwo.

In lissafinka da fiziks ɗinka suna da ƙarfi kuma makamashi kake so da gaske, to injiniyan lantarki ko na kanikanci shi ne hanya mafi tsabta, shekara biyar ce a jami'a, ko ka bi ta foliteknik ka yi ND shekara biyu, ka fita aikin koyo shekara ɗaya, ka dawo HND shekara biyu, kuma kar kowa ya raina maka wannan hanyar don a filin aiki sau da yawa ɗan foli ya fi riƙe waya da kyau. Bayan nan sai ka ƙware a makamashi mai sabuntuwa, wato irin na rana da iska da ba ya ƙarewa. Ba ma sai ka yi nisa ba, a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua nan Katsina akwai cibiyar binciken makamashi mai sabuntuwa da aka sa wa sunan Ibrahim Shehu Shema, a Sakkwato kuma akwai tsohuwar cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo wadda ta daɗe tana aiki kan sola da murhu mai tsimin itace. In kuma ruwa ne ya fi jan hankalinka, ABU Zariya na da sashen injiniyan albarkatun ruwa da muhalli, kuma mutumin da ya fito daga jihar da ke da madatsun Zobe da Jibiya da Ajiwa da Sabke bai kamata a yi mashi dogon bayani kan amfanin wannan ba.

Bari in nuna maka mi ake nufi da kula da makamashi, don mutane na jin sunan su ɗauka wani abu ne na ofis mai sanyi. Kwanaki wani mai shago a cikin gari ya kira ni ransa a ɓace, an haɗa mashi sola bai yi wata shida ba batir ya mutu, kullum ƙarfe biyun dare inbata ta fara kuka, da safe lemo da ruwan leda duk sun huce. Wanda ya haɗa mashi ko tambayar kayan da ke shagon bai yi ba, ya dai ce kawo kaza in sa maka fanel biyu da batir ɗaya. Na zauna kan benci da biro da bayan kwalin sabulu muka yi lissafi tare. Firiza tana jan wat 200, kuma in ka tara lokutan da injinta ke tashi a yini da kwana za su kai kamar awa 12, wato yunit 2.4 kenan, tunda yunit ɗaya shi ne wat dubu na awa ɗaya. Fanka ukku kowace wat 75, awa 10, yunit 2.25. Ƙwan fitila shida masu wat 10, awa shida, yunit 0.36. Jimla wajen yunit 5 a rana. To ba a tsayawa nan, sai ka ƙara asarar waya da ta inbata da ta caji, ka sa kamar kashi 30 cikin 100, ka ga an doshi yunit 6.5 zuwa 7. Ranar Katsina in ka matse ta zuwa awannin da take bugawa da cikakken ƙarfi tana ba ka kamar awa biyar da rabi, ka raba, sai ka ga yana buƙatar fanel da suka kai wat 1,200 zuwa 1,300, wato ukku masu wat 450, shi kuma biyu ƙanana aka liƙa mashi. Batir ɗin nan mai 200Ah da bolt 12 da ake ta yayi, a takarda yunit 2.4 yake ɗauka, amma irin na ruwa ne, in kana zuƙe shi fiye da rabi kullum kashe shi kake, don haka abin da za ka ci a ciki 1.2 ne kawai, shi kuma kayansa na dare sun ninka haka. Ga kuma injin firiza da in zai tashi yakan fizgi wuta ninki ukku ko fiye na ɗan lokaci, inbatar da ba a yi mata wannan lissafin ba dole ta yi kuka.

Da muka hau rufin sai na shafa fanel da yatsa na nuna mashi, ƙurar hunturu ta yi kauri har kana iya rubuta sunanka a kai, tun da aka kafa ba wanda ya taɓa wankewa. Kuma abin da mutane ba su sani ba, fanel haske yake so ba zafi ba, duk digiri ɗaya da ya hau sama da 25 a jikinsa yana rage mashi ƙarfi da kusan kashi 0.4 cikin 100, to ka ƙiyasta a watan Afrilu an manna shi jikin kwano ba tazarar da iska za ta bi ta ƙasa. Kafin in ce ya sayi komai sai da na sa ya canza robar ƙofar firizar da ta saki ya kuma janye ta daga jikin bangon da rana ke duka. Wannan zaman da muka yi kan benci, shi ne dai kwas ɗin kula da makamashi, sai dai a masana'anta ko asibiti lambobin sun fi girma kuma akwai janareta da dizal a ciki, har akwai ma'aunin duniya da manyan kamfanoni ke bi a kai, ISO 50001, na muhalli kuma ISO 14001.

Kuma kasuwar ta buɗe ba kamar da ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 duk mai injin ban ruwa da mai ƙanƙara da mai cajin waya ya fara tunanin rana, a shekarar ce kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar lantarki da ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu da kansu, ga hukumar REA mai kai wuta karkara da ƙananan tashoshin sola da ake kafawa a ƙauyuka. Masu haɗawa sun yi yawa, kowane lungu akwai mai tsani da sukundireba, masu lissafi kafin su haɗa ne suka yi ƙaranci. In ka samu dama wata rana ka bi ta Lambar Rimi kusa da garin Katsina ka ga fankokin iskar nan guda 37 da aka kafa don su ba da megawat 10, tun marigayi Umaru Musa yana gwamna aka faro maganar, aikin ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Ni duk lokacin da na wuce abin da ke zo mani shi ne kafa ƙarfe ba shi ne wahala ba, wa zai kula da shi, wa zai gyara in ya tsaya, ina kayan gyaran za su fito, kuma duk waɗannan guraben mutane ne da ya kamata a ce yaranmu ne a ciki.

In kuma lissafin naka tsaka-tsaki ne amma kana son ƙasa da itace da ruwa, to ka duba jogirafi, ko kula da muhalli, ko gandun daji, ko kimiyyar ƙasar noma. A nan sharaɗina ɗaya ne, ka koyi zana taswira da kwamfuta da karanta hoton tauraron ɗan'adam tun kana aji biyu, kar ka jira sai malami ya kawo ka wurin don wataƙila a allo kawai za a zana maka. Akwai manhaja QGIS kyauta ce, hotunan Landsat da Sentinel su ma kyauta ne, da ƙaramar laftof ɗinka za ka iya ɗauko hoton garinku na shekarun baya da na bana ka ga inda gari ya ci gona da inda kwari ya cike da gini. Ka tuna ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 da ta ci mutum fiye da 40 cikin dare ɗaya, irin wannan wanda ya iya taswira yana iya nuna maka tun kafin damina unguwar da ruwa zai bi.

Ina aikin yake a wannan ɓangaren? Akwai na gwamnati, ma'aikatar muhalli ta jiha da ta tarayya, hukumar NESREA da aka kafa 2007 don tilasta bin dokokin muhalli, hukumar babbar katangar itatuwa ta tare hamada da aka kafa 2015 wadda Katsina na cikin jihohi 11 da take aiki, da shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700 da ya shafi jihohin arewa 19 da Abuja. Amma ba zan ruɗe ka ba, guraben nan ba kullum ake buɗe su ba, kuma ka san yadda neman aikin gwamnati yake. Inda na fi ganin yara na samun shiga shi ne wajen kamfanonin da ke rubuta rahoton tasirin aiki ga muhalli, wanda ake ce wa EIA. Asalinsa tun 1988 ne da aka jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, abin ya tada hankalin gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli a shekarar, sannan a 1992 aka yi dokar da ta ce duk babban aiki, hanya ko madatsa ko masana'anta, sai an binciki abin da zai jawo kafin a sa diga. Aikin kuwa na ƙafa ne, ku je ku ɗebi ruwa da ƙasa, ku auna iska da ƙara, galibi a rani da damina duka, ku zauna da mai gari da manoma da makiyaya ku ji ta bakinsu, a rubuta, a baje rahoton kwana 21 na aiki don jama'a su duba. A nan Hausarka jari ce, don kamfani zai taso daga Legas ko Abuja da injiniyoyinsa amma ba mai iya zama gaban dagaci ya yi gaisuwa yadda ta kamata balle ya gane in an ce "to, Allah ya sa alheri" ana nufin ba a yarda ba.

Maganar dashen itace kuma, tunda kai ɗan Daura ne bari in ɗan tsaya a kai. Na taɓa bin wani aikin dashe a wani ƙauye can wajen iyaka, an zo da motoci da 'yan jarida an dasa dubbai a ƙarshen damina, kowa ya ɗauki hoto riƙe da dashe cikin baƙar leda. Da muka koma watan Maris muka bi layi muna ƙirgawa, rami bayan rami ba komai sai busasshen tsinke, wasu ledar ma ba a cire ba, awaki sun gama da sauran, ba shinge, ba rijiya kusa, ba wanda aka ce kai ne mai wannan layin. Wani dattijo da ke zaune gindin gawo yana kallonmu ya ce mani, ɗana, wannan da nake zaune ƙarƙashinsa wa ya dasa shi? Ba kowa, tsiro ne ya fito aka bar shi. To ka tsallaka Nijar ta wajen Maraɗi da Damagaram, abin da manoma suka yi kenan tun shekarun 1980, kututturen da ke tohowa a gona maimakon a sare sai a rage rassan a bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi su tashi, da haka aka farfaɗo da fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5. Gawo kuma ka san halinsa, da damina yake zubar da ganye don haka ba ya tare wa gero rana, ga taki ga abincin dabba da rani. Ɗalibin da ya fahimci dalilin da ya sa na can ya rayu namu ya mutu, kuma ya iya ƙirga kashi nawa suka tsira bayan shekara ya rubuta gaskiya, ya fi mani wanda ya haddace duk yarjejeniyoyin sauyin yanayi na duniya.

Akwai hanya ta ukku da yara ke rainawa, lafiyar muhalli, wato aikin duba-gari. Ana yin ta a makarantun koyon aikin lafiya irin na Kankiya da na nan Daura, tana da hukumar da ke yi wa masu ita rajista da lasisi, kuma cikin duk waɗanda na lissafa ita ce ta fi saurin kai mutum ga aiki a ƙaramar hukuma ko ƙungiyoyin agaji masu harkar ruwa da tsafta. Masu maka dariyar shara su tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, gubar dalma daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400, kuma waɗanda suka iya gwada ƙasar tsakar gida suka gano inda gubar take su ne aka yi ta nema ruwa a jallo. Mu ma yanzu ga tsofaffin batiran sola na taruwa, ana fasa su a bayan kasuwa da hannu ana zubar da ruwan a ƙasa, dalmar ce dai a ciki.

Wajen cike fom, kar ka yarda da abin da mai shagon intanet ya ce maka game da darussan da za ka haɗa, ka buɗe kundin JAMB na bana da kanka don kowace jami'a da nata sharaɗin, injiniya dai lissafi da fiziks da kemistiri ne ba makawa, na muhalli kuma wasu na karɓar jogirafi wasu sai da kemistiri ko bayoloji. Ka tabbatar NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar, in foli ce NBTE mai kula da foliteknik, in injiniya ne har da COREN mai yi wa injiniyoyi rajista, don sabon kwas mai daɗin suna da ba a tantance ba yana iya hana ka bautar ƙasa ka zauna gida kana kallon sa'o'inka sun sa kaki. Lokacin SIWES kuma, wato fita koyon aiki a tsakiyar karatu, kar ka kai takardarka ofishin da za ka riƙa sa hannu kana dawowa, gara ka bi mai haɗa sola ko masu haƙar rijiyar burtsatse ko ɗakin gwajin ruwa, ko da ba za su ba ka ko sisi ba.

Shi kuma Baba kar ka tsaya gardama da shi, ba a cin gardama da uba. Hutun nan da kake zaune, nemi wani mai haɗa sola a cikin gari ka roƙe shi ka riƙa bin shi kana riƙe mashi tsani, ka sayi ƙaramar mitar gwada wuta, sannan ka zauna ka lissafa kayan wutar gidanku kaf kamar yadda na yi wa mai shagon nan, fanka nawa, ƙwai nawa, awa nawa, da kuɗin man da janareta ke sha a wata, ka rubuta a takarda ɗaya ka kai mashi bayan sallar isha'i. In ka yi, turo mani lambobin in duba maka kafin ka kai.